Bic, Fitila, Da Tukunyar Malam Bah Abba

Ina zaune a Cibarakaten, can arewa cikin hamada, kusa da iyakar Nijar da Aljeriya. Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na yi makarantar horon malamai, na koyar da manya a Arlit, sa'an nan na biyo jama'a zuwa nan. Tun shekarar 2014 da aka gano zinariya a wannan wuri mutane suke ta zuwa: Buzaye, Hausawa, Zabarmawa, Tubawa, har da mutanen Cadi da Sudan. Da aka rufe ma'adinin uraniyom na COMINAK a Akokan cikin watan Maris na 2021, wasu ɗalibaina na da su ma suka haura nan neman abinci. Ajinmu rumfa ce. Bayan sallar isha'i muke karatu, lokacin da masu shiga rami suka fito suka ɗan huta.

A nan ƙasa ba ta ba mu kome sai dutse. Shinkafa, ruwa, igiya, takalmi, duk a mota suke zuwa, kuma kuɗin mota yana cikin farashinsu. In ka sayi abu ya lalace, ba inda za ka mayar. Shi ya sa nake so mu yi magana a kan kayan da muke saye, da yadda mutum zai gane wanda aka yi tunani kafin a ƙera shi.

Abin ya fara ne daga tambayar wani dattijo cikin ajina, mutumin Tasawa. Ran nan ya ɗaga alƙalaminsa, irin Bic ɗin nan mai shuɗin marufi da kai ma kake rubutu da shi. Ya ce, "Malam, dubi ɗan ramin nan da ke gefensa. Mai tebur ya cuce ni ne, ya ba ni fasasshe?" Na ce, "A'a Baba, haka aka yi shi." Ya ce, "Don me?" Wallahi a ranar ban sani ba. Sai da na bincika na komo musu da amsa.

Ɗauko naka ka duba. Ramin nan na iska ne. Yana sa iskar da ke cikin gorar alƙalamin ta daidaita da ta waje, don tawada ta riƙa saukowa yadda ya kamata. Jikinsa kuwa ba mulmulalle ba ne, yana da gefe 6 kamar fensir. Saboda haka yana zama daram cikin yatsu, kuma in ka ajiye shi ba ya gangarawa. An yi shi garai-garai domin ka ga sauran tawadarka. Marufin yana da launin tawadar da ke ciki. Bisa kan marufin akwai wani rami, wanda aka ƙara a 1991, domin in yaro ya haɗiye shi ya samu hanyar numfashi kafin a kai shi likita. Wani mutum a Faransa, Marcel Bich, shi ya fitar da wannan alƙalami a 1950. Zuwa 2006 an sayar da guda biliyan 100. Akwai wani babban gidan adana kayan fasaha a birnin New York na Amurka da ya ajiye Bic cikin kayansa, don mutane su zo su ga kyawun ƙirarsa.

Dattijon ya juya alƙalamin, ya sake juyawa. Ya ce, "Ashe wani ya zauna ya tuna da jikana."

To, ka ji aikin. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su zauna su tsara fasalin abu tun ba a ƙera shi ba. Wane hannu zai riƙe shi? A ina za a ajiye shi? In ya faɗi me zai faru? A ƙasashe da yawa akan tara irin waɗannan kaya, alƙalai su gwada su, a ba wanda ya fi lambar yabo.

Sai dai a nan ne ni malaminka na yi tuntuɓe, kuma gara in faɗa maka da bakina. Na taɓa sayen fitilar goshi a kasuwa, mai ruwan gwal, tana da maɓalli huɗu, har da ɗan rediyo a jikinta. A bayan kwalinta an zana lambar yabo mai ƙyalli. Na ji daɗi. Wani saurayi cikin ajina ya tambaye ni wace fitila zai saya, na ce ya sayi irin tawa, ai ga lamba nan. Ya ba da kuɗin guminsa ya saya. Kwana goma ba su cika ba ƙurar dutse ta shiga maɓallan. Yana can ƙasan rami fitilar ta mutu. Da lalube ya sami igiya, ya fito da rauni a gwiwa, ya yi sati biyu bai yi aiki ba. Bai ce mini kome ba, ya dai riƙa zuwa karatu yana ɗingishi. Shirunsa ya fi zagi zafi.

Da na sake duba kwalin da kyau, sai na ga lambar ba ta da sunan wanda ya ba da ita, ba ta da shekara. Zane ne kawai, kowa yana iya buga shi. Kai da ka iya karatu yanzu, in ka ga irin wannan, ka nemi sunan masu ba da lambar da shekarar da suka bayar. In babu, ka bar kwali ka dubi abin da kansa. Tsofaffin masu rami sun riga ni sani: fitilarsu maɓalli ɗaya gare ta, an rufe shi da roba, kuma batirinta irin wanda ake samu a kowane tebur ne.

Lambar yabo ta gaskiya kuwa akwai ta, har wani malami na ƙasar Hausa ya taɓa samu. Sunansa Mohammed Bah Abba, Allah ya jiƙansa. Ya koyar ne a makarantar fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, a Nijeriya, kuma gidansu akwai masu ginin tukwane. Ya lura da wahalar manoman ƙauye. Ba lantarki, ba firji. Mutum ya tsinko tumatir da tattasai yau, in bai sayar ba cikin kwana biyu ko uku sun ruɓe. Dole ya karyar da farashi, ko kuwa a ɗora wa 'ya'ya mata talla tun safe, su rasa makaranta.

Ga abin da ya yi. Ka sami tukunyar ƙasa babba, da wata ƙarama wadda za ta shiga cikinta ta bar fili. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka ɗora ƙaramar, ka cika tsakaninsu da yashi. Ka jiƙa yashin sosai. Kayan miyanka su shiga ƙaramar tukunya, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ka ajiye a inuwa, inda iska take wucewa. Safe da yamma ka ƙara wa yashin ruwa. Ruwan yana tsatsowa ta jikin babbar tukunya, iska ta busar da shi, kuma in yana bushewa yana tafiya da zafin da ke ciki. Kamar yadda gumi yake sanyaya maka jiki in iska ta buso, haka nan ne. Don haka kada a shafa wa babbar tukunya fenti ko siminti, sai ta toshe.

A gwajin da ya yi, gauta da takan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27. Alayyafo da ba ya wuce kwana ɗaya ya kai 12. Tukwane 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina, ya raba wa mutanen ƙauye. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo tare da dalar Amurka 75,000, ya sa kuɗin cikin aikin. A 2001 mujallar Time ta Amurka ta lissafa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙire na shekarar.

Da na ba da wannan labari a aji, wani Buzu ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ai wannan salkarmu ce." Gaskiyarsa. Salkar fatar akuya da ake ratayawa a jikin raƙumi da haka take sanyaya ruwa. Haka ma randar uwarka. Haka bidon ruwan da direbobin hanyar Agadas suke ɗinke wa buhu su jiƙa, su rataya a gefen mota. Hikimar tsohuwa ce. Abin da Malam Bah Abba ya ƙara shi ne ya tsara ta yadda za ta ɗauki kayan lambu, maginin ƙauye ya iya yinta da yumɓun garinsu, talaka kuma ya iya saye. A ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne, don mun daɗe muna shan ruwan randa ba wanda ya tuna da tumatir.

Amma ko abin da ya ci lamba ba ko'ina ya dace ba. Iskar Cibarakaten busasshiya ce ƙwarai, irin wadda tukunyar take so, ba kamar damina a kudu ba inda sanyinta yakan ragu. Sai dai ruwa a nan saye ake yi, kuma tukunyar tana sha kullum. Ga kuma hanya. Da ka je Mirya, inda ake gina tukwane masu kyau, da sai ka zaɓa. Mu kuwa daga Arlit na sa aka ɗauko mana guda huɗu, an naɗe su da barguna. Biyu suka iso a farfashe. Allah ya sa waɗanda suka tsira babba ce da ƙarama.

Muka kai su rumfar mai dafa mana abinci. Tumatir ɗinsa daga lambunan Ayar yake zuwa, yakan iso a gajiye, rabinsa a zubar. Da ya ji zancen ruwa sai ya ce shi ba zai shayar da yashi abin da ya saya da kuɗi ba. Muka yi ta shawara. Dattijon nan na Tasawa ne ya warware mana. Ya ce tun da ruwan ba ya taɓa abinci, a ajiye tasa a wurin alwala, abin da ya zuba a ciki a ba yashi. Haka aka yi.

Saurayin nan mai rauni a gwiwa na ba aikin lissafi. Kowace safiya yakan ɗaga tsumman, ya ƙirga tumatir, ya rubuta kwanan wata da adadin masu kyau da na ruɓaɓɓu cikin littafinsa. Wannan ne karo na farko da ya rubuta abin da ba ni na faɗa masa ba. Na kwando a kwana na uku suka fara ruwa. Na tukunya, ran kwana na tara ya zo aji da ɗaya a hannu, ya ajiye mini bisa allo, ya buɗe littafin ya nuna mini layin ranar. Ya rubuta 9 ɗin a juye, na gyara masa.