Gulbin Maraɗi: a noma hwadama, a kwana bisa tudu

Wanda ya tashi daga Maraɗi da rani ya kama hanyar Madarumfa, in ya leƙa gulbi ba ya ganin komi sai rairayi. Yara na wasa ciki, amalanke na ƙetarewa. Baƙo sai ya ce wanga gulbi ko ɗan akuya ba ya iya ci. Amma ƴan gari sun san halinshi.

Gulbin daga ƙasar Katsina ya hito. Shina shigowa Nijar ta kudancin Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, kana ya koma Najeriya. Ruwan da aka yi can nesa shi ke cika shi. Ana iya kwana ba ko ɗigo a Maraɗi, a wayi gari gulbi ya kawo.

Tsohon garin Maraɗi cikin hwadama yake zaune. Cikin 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe shi, aka tada mutane aka maida su bisa tudu, aka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Nan garin yake har yau. Hwadama kuwa ba a bar ta ba: gidaje suka tashi, gonaki suka tsaya.

Mun ga amfanin haka a Jiratawa, inda manoma ke ban ruwa, ga tumatir, ga tattasai, ga zogala kore shar. Laka da damshin da gulbi ke bari, su ne arzikin wurin. Gaba kaɗan muka iske tabkin Madarumfa, masunta na jan koma. Da damana tabkin na shanye ruwa mai yawa. In aka bari rairayi ya cike shi, ruwan da ya kamata ya kwanta ciki sai ya nemi gari.

Rairayin nan daga gonakin tudu yake gangarowa, inda aka sare itace ƙasa ta zama huntuwa. Maganinshi na hannunmu. Sassabin zamani, wanda ya soma cikin jihar Maraɗi tun 1983, ba ya cin ko dala: manomi ya bar gawo da kalgo da sabara su tsiro cikin gonarshi, ya gyara su. A shuka gamba bakin ƙorama don ta riƙe gaɓa. A jera duwatsu inda ruwa ke gudu. A yi gayya a yashe magudanai tun ruwa bai sauka ba.

Ƴan'uwa, damanar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a Maraɗi, har an rasa rayuka. Kowa ya ga hili da araha kusa da gulbi, ya tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa kahin ya aza tubali. Ruwa ba ya mance hanyarshi.