Ba Masifa Ba Ce

Yayarmu tana makarantar koyon aikin jinya. Duk watan da jarrabawa ta haɗu da aikin dare, kafin al'adarta ta zo sai ciwon kai ya sa ta gaba, abu kaɗan ta hau faɗa. Da muna cewa masifa ce kawai. Yanzu mu ma mun gani a jikinmu: mu kwana karatu, mu wayi gari da ciwon mara da kuka babu dalili. Ita ta ce mana damuwa da rashin barci suna ƙara tsananta abin, kuma sa'o'inmu suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Don Allah malamai, in ɗayarmu ta kifa kai a aji, a tambaye ta kafin a ɗaga bulala.