Ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi

A unguwar Dagmanet, cikin garin Agadas, akwai wani magidanci mai garka a bakin ƙoramar Telwa. Yana shuka albasa da tumatir da ɗan salati. Mahaifinsa da raƙumi ya yi ta jan ruwa daga rijiya, kamar yadda Abzinawa suka saba tun da. Shi kuwa ya sai da raƙumin, ya sayi injin ban ruwa mai shan isansi, wato fetur. Irin wannan ƙaramin inji ne Turawa ke sawa a keken yankan ciyawar ƙofar gida. A Agadas kam akuya ta isa wannan aiki. Amma ciwon injin iri ɗaya ne, can da nan.

Wata safiya cikin hunturu, injin ya ƙi tashi. Mutumin ya ja igiya, ya ja, har kafaɗarsa ta yi tsami. Ko tari injin bai yi ba. Kwana 2 ke nan garka ba ta sha ba, ƙasar wurin kuwa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Ganyen albasa ya soma kwanciya. Ga bashin iri da taki a wuyansa, sai an cire albasa zai biya.

Da dare bai yi barci ba. Ya yanke shawara zai kai tunkiyar matarsa kasuwa, ya nemi ciko, ya sayi wani inji.

Da asuba sai ga ɗan ƙanwarsa, yaro mai gyaran babur. Bayan gaisuwa ya ce: «Kawu, a bar tunkiyar nan tukuna. Mu je in gani.»

Da suka isa, yaron bai taɓa igiya ba. Ya fara da baƙin mai. Ya buɗe murfi, ya ga man ya yi ƙasa, ya yi kauri kamar kunu.

«Kawu, yaushe rabon da ku canza shi?»

«Ai ƙarawa nake yi, ɗana.»

Ƙari ba canji ba ne. Da yawa cikin injunan nan suna da wani ɗan abu a ciki mai yanke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, don kada inji ya ƙone. Mai shi sai ya zaci ya mutu, alhali kansa yake karewa. Sabon inji ana zubar da mansa bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100. Wanda ke ban ruwa awa 4 a yini, kwana 25 ke nan. Inda ƙura ta yi yawa, gara kada a jira su cika. Mai ɗin ma bai cika lita guda ba.

Aka zuba sabo. Injin ya yi tari sau biyu, ya tura baƙin hayaƙi, ya mutu.

Yaron ya ce: «Madalla, da ransa.» Ya kwance buji, wanda mutanen Najeriya ke kira fulogi. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bai tsaya nan ba, ya buɗe akwatin iska ya zaro soson da ke tace ƙura. Soson ya zama tamkar tubali.

A nan babban laifin yake, jama'a. Inji abu uku yake so: isansi, da iska, da wuta. Idan ƙura ta toshe soso, iska ba ta shiga sosai. Isansi ya yi yawa, ba ya ƙonewa duka, sai ya bar baƙi a bakin buji har wuta ta daina fita. Wanda ya sayi sabon buji ya bar soso da ƙura, bayan ƴan kwanaki zai sake saye. Wanda kuma ya cire soson ya yar, don ya ga inji ya tashi, ya fi kowa hasara: rairayi zai shiga ciki ya yi ta cin ƙarfe.

Yaron ya wanke soson da ruwa da sabulu, ya shanya shi har ya bushe sarai. Ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ya matse. Ya goge buji.

Saura isansi. A ƙarƙashin kafireto, inda isansi ke gamuwa da iska, akwai ɗan ƙoƙo mai ƙusa a gindi. Ya kwance ƙusar, ya tara kofin shayi. Ga isansi a sama, ga ruwa da tsakuwa ƙanana kwance a ƙasa. Ashe jarkar da ake ajiye isansi a ciki, yara sun taɓa ɗebo ruwa da ita. Kawun ya yi shiru.

Ja biyu, injin ya tashi. Amma tiyo bai kawo ko ɗigo ba. Yaron ya kashe shi da sauri, don famfo idan ya yi ta juyi babu ruwa a cikinsa, robarsa ƙonewa take yi. Suka cika cikin famfon da ruwa ta murfin sama, suka ɗaure bakin tiyo da ya saki yana shan iska.

Kawun ya ce ko a saukar da injin cikin rijiya, ya matsa kusa da ruwa.

«In an saukar, Kawu, kada kowa ya shiga yana aiki, ko an kashe shi yanzu-yanzu. Hayaƙinsa taruwa yake a ƙasa, yana kashe mutum.»

Kafin azahar ruwa ya bi ta hanyarsa. Fangali biyu na can ƙarshe ba su farfaɗo ba, sauran sun miƙe. Kuɗin da aka kashe, na baƙin mai ne da sabulu.

Tunkiya tana nan ɗaure a gida. Mutumin ya sayi jarka dabam, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Kowace Juma'a da safe yana wanke soso. A jikin bangon rijiya kuma yana jan layi da gawayi, kowace rana ɗaya, har su kai 25.