Na Bi Ruwa Zuwa Garin Samanja

Ranar 12 ga Nuwamba 2023 Allah Ya karɓi ran Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta fi sani da Samanja Mazan Fama, yana da shekara 81. Tun ranar na ƙudurta sai na taka garin da aka haife shi, amma ban samu sarari ba sai da rani ya tsaya.

Da asuba na bar Kaduna. Muka bi ta Suleja, muka ratsa Minna, da la'asar sakaliya muka shiga Bida, garin maƙeran tagulla, a nan na kwana. Duk tsawon hanya hankalina yana zauren maƙwabcinmu a Tudun Wada, inda mu yaran unguwa muke cunkushewa gaban talabijin mai baƙi da fari, muna jiran NTA Kaduna ta sako shirin wasan kwaikwayon Samanja. Da Samanja ya ɓullo cikin kaki, ya murtuke fuska, ya daka wa kuratansa tsawa da Hausar bariki mai gauraye da Turanci, sai zaure ya kaure da dariya. Mahaifina, wanda ya yi yaƙin basasa, kai kawai yake gyaɗawa, ya ce, “Wannan ya san bariki.” Da gaskiyarsa, domin Samanja ya yi aikin soja na gaske, sunan ma daga muƙamin saje-manja ya samo asali.

Washegari muka nufi bakin kogin Neja. Hanyar ta ba mu wuya, ga ƙura ga ramuka, amma fadamun shinkafa na ƙasar Nupe suna ta sanyaya ido. A bakin ruwa na shiga kwalekwale mai inji tare da mata masu kwandunan busasshen kifi. Kusa da ni akwai wani dattijo mai farin gemu. Da ya ji daga inda na fito da abin da ya kawo ni, sai ya daɗe yana dubana.

“Yaro, tun daga Kaduna saboda Samanja?”

“Ƙwarai kuwa, Baba. Shi ya yi mana renon dariya.”

Ya ɗaga hannu ya nuna mini wani sashe na ruwan. “To, ta can ruwan garinku yake shigowa. Kogin Kaduna nan yake zuba cikin Neja.”

Na yi shiru ina kallo. Ashe ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kaduna nan yake gangarowa, daura da Pategi. Samanja kuwa, ɗan gidan sarautar garin, Banufe haifaffen 1942, ya haura can, ya ɗauki Hausa ya riƙe ta har jikokin Hausawa suna kwaikwayon maganarsa.

Pategi gari ne na Jihar Kwara da ya yi suna da gasar tseren kwalekwale. Ban nemi gidan kowa ba. Na yi azahar a wani masallaci kusa da kasuwa, bayan sallama na faɗa wa liman abin da ke tafe da ni. Ya juya ya yi wa jama'a bayani da Nufanci, sai na ga hannuwa sun ɗaga. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunan Samanja, amma da aka shafa Fatiha, amin ɗinmu ɗaya ce.

Allah Ya jiƙan Samanja, Ya sa Aljanna ce makomarsa.