Igiya da Motar da Ta Mutu

Duk wanda ya saba zuwa gida Azare ko Katagum da Sallah ya san wannan: gingimari ko tirela a gaba, ƙaramar mota a baya an ɗaure ta da igiya, wani yaro riƙe da sitiyari. Daga Jama'are zuwa Azare ba na ƙirga sau nawa na gani.

A Amurka ma suna ja. Masu motar nan mai ɗaki da gado a ciki sukan ɗaura ƙaramar motarsu a baya su yi ta yawo. Amma da ƙarfe suke haɗawa, su jona fitilun baya, da yawa har da na'urar da ke taka birkin ta bayan idan ta gaba ta taka. Babu kowa a cikinta. Mu kuwa mutum muke sakawa.

Wani makanike, abokin cinikina, ya yi mini bayani. In inji ya mutu, iskar da ke taimaka wa birki takan ƙare bayan taku biyu ko uku; daga nan sai ka ji kamar dutse kake takawa. Sitiyari ya yi nauyi. In kuma aka zare makulli, yana iya kullewa a tsakiyar kwana. To, direban tirela ya ga rami ko garken shanu ya tsaya, ina yaron nan zai nufa? Ƙarƙashinta.

Mota otomatik kuma ko a furi take, jan ta da nisa yana ƙona giya, don famfon man giyar da inji yake aiki. Kuɗin janwen da aka guje wa sai a biya shi ninki a gareji.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake sawa a baya. Ba kasafai mai motar ke zama ba. Yana gaba kusa da direba, ya bar ɗan ƙaninsa ko yaron shago. An taɓa kawo mini irin wannan magana bayan sallar La'asar: igiya ta tsinke, mota ta buge ɗan acaɓa, kowa na cewa ba shi ba. Na ce mai motar da mai jan duk da hannunsu, su haɗa kuɗin magani. Mai jan ya ce ai taimako ya yi, ko sisi bai karɓa ba. Na ce Alhaji, wa ya ɗaura igiyar? Ya yi shiru, ya biya rabi.