BURODIN DA KOWA ZAI IYA SA HANNU

Kowace shekara, da zarar an gama jarrabawar ƙarshe, magana ɗaya ce a bakin 'yan aji shida: me za a ci ranar walimar ban kwana? Kwamiti zai zauna, a kawo shawarar shinkafa dafa-duka, a lissafa itace da mai da faranti da cokula, sai a tarar kuɗin da aka tara ba zai kai ko'ina ba. Haka ma abin yake a ikkilisiya lokacin Kirsimeti, ko bikin aure, ko ranar godiyar kaka. Saboda haka da aka nemi in rubuta wani abu a littafin shekara na bana, na ga ya kamata in ba ku labarin wani ɗan abinci da na daɗe ina yi a irin waɗannan tarurruka, da yadda ake yinsa, da kuma dalilin da ya sa nake yinsa yadda nake yi.

Asalin abincin ba namu ba ne. Turawan Ingila suna da al'adar sa nama tsakanin yanka biyu na burodi, suna kiransa sanwici, wai da sunan wani basarakensu da ya shahara da cinsa wajen shekarar 1762. A Amurka kuma, a 1921, wani gidan abinci mai suna White Castle a jihar Kansas ya fara sayar da 'yan ƙananan burodi masu nama a ciki, waɗanda lauma biyu ko uku ke cinyewa. Daga baya matan gida suka mai da shi abincin taro. Sukan sami ƙananan burodi masu laushi da aka gasa a manne da juna, su tsaga su gaba ɗaya, su shimfiɗa naman alade mai gishiri da cuku a tsakiya, su shafa man shanu a sama, su mayar cikin tanderu har cukun ya narke. A kudancin Amurka har gidan makoki ake kai shi, don yana da sauƙi kuma yana isar jama'a.

Ni a hannun mahaifiyata na san shi. Na tashi a Kebbe, inda mahaifina ya yi aikin gwamnati, kuma mu Kirista ba mu da yawa a garin: 'yan malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda da 'yan kasuwa. Maƙwabtanmu dama da hagu Musulmi ne. Ranar Babbar Salla kwanon nama yakan shigo gidanmu daga gida huɗu ko biyar, ranar Kirsimeti kuma mu yara mu ne 'yan aike, muna kai abinci gida-gida. Mama tana da wani tsohon littafin girki na Turanci da wata baturiya mai aikin jinya ta bar mata. Wata rana Baba yana karanta mata wannan girki yana fassarawa, da ya kai kan naman alade sai ta ɗaga hannu ta ce ya wuce gaba. Na tambaye ta ko mu ma an hana mu ne. Ta ce, "Ke 'yar nan, abincin biki ba na mai gida ba ne, na baƙo ne. Abin da baƙonki ba zai ci ba, ba ya hawa farantinki."

Sai da na girma na ga nauyin wannan magana da idona. Na taɓa halartar wata walima a wani gari, aka gayyaci iyaye da masu unguwa da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Masu girkin sun yi ƙoƙari ƙwarai, sun sa naman gwangwani a burodi, naman sa ne kuma. Amma wani yaro ya tsinci gwangwanin a bayan ɗakin girki, ya ga rubutun wata ƙasa a jiki, kafin ka ce kwabo raɗa ta zagaya cewa ba a san ko naman mene ne ba. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya tashi. Baƙin dai suka riƙe faranti a hannu cikin ladabi har aka yi addu'ar rufewa, suka ajiye shi yadda aka ba su. An kashe kuɗi, an kwana ana aiki, amma rabin taron ya koma gida da yunwa, masu gayyata kuma suka koma da kunya. A Littafi Mai Tsarki ma, cikin Romawa sura 14, Manzo Bulus ya gargaɗe mu kada mu bar zancen abinci ya zama sanadin tuntuɓe ga wani.

To, idan an cire naman alade, me ya rage? Komai ya rage. Abin da Mama ta koya mini shi ne in tambayi kowane abu da ke cikin girki aikin da yake yi, sa'an nan in nemi wanda zai yi wannan aiki a kasuwarmu. Naman yana kawo gishiri da ɗanɗano. Cukun yana kawo maiƙo, yana kuma manne sama da ƙasa. Man shanun yana hana burodi bushewa. Ba ɗaya cikin waɗannan da ƙasar Tambuwal da Kebbe ta rasa.

Da farko dai burodi. Je gidan burodi kwana biyu kafin taro, ki roƙi mai gashi ya yi miki ƙanana kamar dunƙulen hannun yaro, ya jera su 30 a tire ɗaya, layi biyar na shida-shida, ya bar su a manne. Kada a rarraba su, don a nan sauƙin aikin yake. Wanda ya kwana ɗaya ya fi yankuwa da kyau. A zamanin da gwamnati ta hana shigo da alkama, daga 1987 zuwa 1992, burodi ya yi tsada har ya gagari talaka, sai Mama ta koma tsaga masa tana cusa naman a ciki, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Gurasa irin ta Kano ma tana yi.

Na biyu nama. Kilo ɗaya na tsokar naman sa ko na rago yana isar burodi 30. Ki saya da safe wajen mahaucin da duk gari ya sani, kuma ki tafi da wata daga cikin maƙwabta ko iyayen yara, don a sami mai shaida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa wata Hajiya takan matso kusa da ni ta ce a hankali, "Malama, wa ya yanka?" In na faɗi sunan mahaucin sai ta yi murmushi ta miƙa hannu. A dafa naman da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari da gishiri har ya yi laushi. A tsame, a yanka siriri-siriri ko a ɗan daka shi kamar za a yi dambu. A soya manyan albasa uku, tattasai uku da attarugu biyu, a zuba naman, a juya har ruwan ya ƙafe sarai, don nama mai ruwa yana jiƙa burodi ya zama kamar kwaɗo. Albasa kuwa ba ta yi mana wuya, tun da ga Aliero nan kusa da mu. A ƙarshe a barbaɗa yajin ƙuli kaɗan, irin na masu tsire.

Na uku cuku. Wanda Turawa ke sawa mai narkewa ne, sai a manyan kantunan Sakkwato ake samunsa, da tsada kuma. Muna da namu iri biyu. Akwai cukun madara mai laushi da matan Fulani ke haɗawa da ruwan ganyen tumfafiya, akwai kuma busasshen cukwi da ke zuwa daga Nijar, wajajen Tawa da Agadas. Dukansu biyu ba sa narkewa a wuta. Mai laushin a marmasa shi da hannu, busasshen kuma a daka shi a jiƙa da madara mai ɗumi. Don a sami abin da zai manne, a kaɗa ƙwai huɗu da madara rabin kofi, a zuba cukun a ciki. In ba a sami cuku ba ko kaɗan, ƙwan da madarar kaɗai sun wadatar.

Yanzu sai haɗi. A ɗauki doguwar wuƙa mai kaifi, a tsaga burodin nan 30 a kwance gaba ɗaya, a ɗaga saman kamar murfin akwati. A shafa soyayyen man shanu a na ƙasan, wanda aka soya da albasa har ƙarninsa ya fita. Wanda bai samu ba ya sa Blue Band. A shimfiɗa naman ko'ina har gefe-gefe, kada na tsakiya ya ƙoshi na gefe ya tashi hannu wofi. A yaryaɗa haɗin ƙwai da cuku a kai, a mayar da murfin, a danna kaɗan da tafin hannu. A sake shafa man shanu a sama, a barbaɗa riɗi.

Mai tanderun zamani ya sa shi a zafi 180, ya rufe tiren minti 15, ya buɗe ya ƙara minti biyar don saman ya yi ja. Amma mu da ba mu dogara ga wutar lantarki ba, muna da tanderun da muka koya a ajin tattalin gida: babbar tukunya, yashi mai tsabta kaurin yatsu uku a gindinta, gawayi a ƙasa. Idan yashin ya yi zafi a ɗora duwatsu uku ko gwangwanayen madara, a aza tiren a kai don kada ya taɓa yashi, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin. Ga yadda ake gane zafin ya yi daidai: a sa garin fulawa kaɗan a murfin gwangwani a ciki. In ya koma ruwan zuma cikin minti biyar, ya yi. In ya yi baƙi, a rage wuta. A tabbata ƙwan ya nuna kafin a sauke. In taron babba ne, gara a shirya da mai gidan burodi a mayar masa da tirukan bayan ya gama gashinsa, lokacin da tanderunsa ya ɗan huce. A bari ya sha iska minti biyar, sa'an nan a bi layin a yayyanka.

Ga lissafi don amfanin kwamitin baɗi. Baƙi 120, kowa biyu, burodi 240 ke nan: tire takwas, nama kilo takwas, ƙwai 32. Ba cokali, ba miya mai ɓata fararen kaya, ba tulin wanke-wanke. Ɗalibai shida sun isa aikin, biyu a kan nama, biyu a kan haɗi, biyu a kan wuta. 'Yan maza kada ku ce wannan aikin mata ne, ai masu tsire da masu gashin burodin garin nan duk maza ne. A haɗa da zoɓo ko kunun zaƙi mai sanyi, shi ke nan an gama biki.

Gargaɗi biyu kawai zan ƙara. Na ɗaya zafin ƙasarmu. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce 40, kuma dafaffen nama da ƙwai ba sa jure wannan. Kada a gasa da safe a ajiye sai yamma. A gasa dab da lokacin ci, a raba cikin awa ɗaya, abin da ya rage a ba mutane su ci nan take, kada a kai ɗakin kwana a ɓoye a akwati. Na biyu lokaci. A duba kalanda kafin a sa rana, don kada walima ta faɗo da tsakar rana cikin watan azumin maƙwabtanmu. A kuma fara da wuri, domin iyayen da suka zo daga ƙauyuka su kama hanya da sauran rana.

Ku da za ku fita bana, wasunku za su tafi jami'a a Sakkwato ko Zariya, wasu aikin soja, wasu kasuwa, wasu gidan aure. Duk inda kuka je za ku zauna da mutanen da ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, kuma wata rana ku ne za ku zama masu gayyata. A ranar nan kada tambayarku ta fari ta zama me nake sha'awa, ko me zai burge mutane. Ku fara da tambayar wa zai zo, kuma me zai iya ci da kwanciyar rai. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne, amma baƙon da aka yi wa fara'a aka kuma ajiye masa abin da ba zai iya taɓawa ba, ai ba a gama marabtarsa ba. Littattafan girki za su zo muku daga ƙasashe masu nisa, yanzu ma har a wayoyinku suke. Ku karɓi dabarar da ke ciki, ku auna ta da kasuwarku, da aljihunku, da kuma maƙwabcinku.

Ina yi wa 'yan aji shida fatan alheri a jarrabawarsu da rayuwarsu ta gaba. Ina kuma godiya ga matan zumunta da masu dafa abincin makaranta, waɗanda ke shan hayaƙi kowace shekara ba a ko ambaci sunansu a jawabi ba. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.