Kloto, dajin da ake ci da shi yana tsaye

Tun da iyakarmu da Benin ta rufe a shekarar 2023, hanyar ƴan kasuwar Nijar ta karkata zuwa tashar jiragen ruwa ta Lome. Alhazan Maraɗi da na Damagaram da na Tawa su kan share makonni a can suna jiran takardun duwan, daga masauki sai tasha, daga tasha sai masauki. Kaɗan ne daga cikinsu su ka san cewa kilomita 120 kacal arewa maso yamma da Lome akwai wata ƙasa ta duwatsu da kurmi, wadda ganinta kan sa Basahile ya sake tunani game da itace.

Sunan garin Palime, masu garin kuma, wato ƙabilar Ewe, su na rubuta shi Kpalimé. Yana zaune ne a gindin tsaunuka, dab da iyakar Gana. Gabas da shi ga dutsen Agu, mai tsawon mita 986, wanda babu kamarsa a duk faɗin Togo. Arewa maso yamma kuma ga tsaunin Kloto, lulluɓe da gandun dajin Misahohe. Baƙo Bahaushe ba ya rasa masauki, don kuwa akwai Zango, akwai masallatai, akwai masu jin harshenmu, jikokin fataken da goro ya kai su can tun kaka da kakanni.

Daga Palime mutum ya kan hau babur ɗin haya, wanda mu ke kira kabu-kabu, su kuma zemijan, ya bi wata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar kilomita 12 zuwa ƙauyen Kuma-Konda. A nan ake ajiye abin hawa. Abin da ya rage na ƙafa ne. Samarin ƙauyen sun mai da rakiyar baƙi sana'a: a yi ciniki tun kafin a tashi, ɗan rakiya ya shige gaba da addarsa, baƙo na biye.

Turbobin nan ba don baƙi aka fara share su ba. Hanyoyin gona ne da na rafi, waɗanda ƙafafun manoma su ka daddale shekara da shekaru. Wata ta awa biyu ce, wata ta wuni guda. Turba ta kan ratsa gonar gahawa, ta faɗa ta koko, ta bi ta ƙarƙashin ayaba da kwakwar manja da itacen goro. Da yawa daga cikinmu sun tsufa su na cin goro, su na sayar da shi ƙwarya-ƙwarya, ba su taɓa ganin uwarsa ba. To, ga ta nan, da kwanson da ƴaƴan ke kwance a ciki. Can sama kuma rimi da loko sun haɗa kai sun tare rana, har mutum ya ji sanyi da tsakar azahar. Ɗan rakiya zai murza ɗanyen tohon wani itace a tafin hannunsa ya fito ja wur, ya nuna maka ganyen da masu zanen ƙauyen ke samun launi da shi. Malam-buɗe-littafi kuwa, iri-iri, shi ne ya fi jawo wa Kuma-Konda suna a wajen Turawa.

Tarihi ma yana kan hanya. A shekarar 1890 Jamusawa su ka kafa bariki a Misahohe, daga nan su ka riƙa mulkin yankin har yaƙin 1914 ya kore su. Kangayen gine-ginensu da kaburburan waɗanda su ka mutu a can su na nan cikin ciyawa. Su ne kuma su ka ja layin dogo daga Lome ya iso Palime a 1907, don kwasar amfanin gona zuwa bakin teku. Bisa wani tudu akwai gidan dutse da ake kira Shato Biyal, wanda wani lauya Bafaranshe ya gina a shekarun 1940. Wanda ya daure ya kai ƙololuwar Kloto, idan hazo bai rufe ba, zai hango ƙasar Gana shimfiɗe a gabansa. Mai sauran ƙarfi sai ya nufi magangarar ruwa ta Wome ko ta Kpime, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Amma fa kada a ɗauka aljannar duniya ce. Ruwan da ke sauka a can ya kusa ninka na Maraɗi sau uku, damina biyu su ke yi a shekara, duk da haka dajin na ja da baya. Mai tafiya zai ga gefen tsauni an sassabe shi an shuka masara da rogo, zai ga buhunan gawayi jere a bakin hanya su na jiran motar Lome, zai ga tabon gobarar rani. Ashe yawan ruwa ba ya tsare itace daga gatari. Inda manyan itatuwa su ka tsira, sai ka tarar akwai mai cin moriyarsu a tsaye: manomin koko da ke bukatar inuwarsu, ko ɗan rakiyar da ya san ranar da kurmi ya ƙare baƙi ma sun ƙare.

Wannan karatu ba baƙo ba ne gare mu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram su ka rungumi sassaben zamani, su na barin tohon gawo da kalgo a gonakinsu, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Ba tsoron tara ce ta sa su ba. Sun ga gawo na ba dabba abinci, yana ba gona taki, shi ya sa su ka bar shi. Abin da mutanen Kloto su ka ƙara a kai shi ne, kallon daji ma haja ce. Mu na da dajin Baban Rafi, mu na da tafkin Madarumfa. Me zai hana magadan gari da ma'aikatan gandun daji su fitar da turba, su horar da samarin ƙauyuka, a riƙa kai ƴan makaranta lokacin hutu?

Ga mai niyya, ya tashi da sassafe, ya sa takalmi mai kama ƙasa, don turba na da santsi bayan ruwa. Ya riƙe ruwan sha, kada ya shiga ba ɗan rakiya, kada ya tsinki abin gonar mutane sai da izini. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, babu wahalar canji. Alhajin da ya saba da mota tun daga ƙofar gida har ƙofar kanti zai yi haki, gwiwa za ta yi ƙara, amma masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.